YADDA AKE RABUWA DA ƘWAYAR CIWO BAYAN RAUNIN JIJIYA

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa likita ya gabatar a gaban matasa a wani zama na ƙara wa juna sani. Ganin yawan masu tambaya a kan mas'alar ya sa muka rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da 'yan gyare-gyare. A sha karatu lafiya.



Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa, 'yan'uwa, maudu'in da aka ba ni shi ne halin mutumin da ya sami rauni a jijiya, aka ɗora shi a kan maganin kashe ciwo, watanni suka shuɗe, yanzu yana son ya rabu da maganin amma abin ya gagara. Na san a wannan zaure akwai mai wannan matsala, ko ƙaninsa, ko abokin sana'arsa. Na kuma san ba zai ɗaga hannu ba, domin yana tsoron a kira shi ɗan ƙwaya. To ya zauna yadda yake, ya buɗe kunne kawai.

Da farko sai mun warware kalmar jijiya, domin Bahaushe ya haɗa abubuwa uku ya ba su suna ɗaya. Akwai jijiyar da jini ke gudu a cikinta. Akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara. Akwai kuma ta uku, fara, kamar zare, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta laka ta watsu cikin jiki. Ita ce wayar da ke kai umarni ga hannu ya motsa, ita ce kuma ke dawo da labari cewa ka taka ƙaya. A kan wannan ta ukun muke magana yau.

Ta yaya take samun rauni? A wajenmu babbar hanya ita ce haɗarin babur. Ɗan acaɓa ya faɗi, kafaɗa ta bugi ƙasa, kai ya yi gefe guda, sai tarin jijiyoyin da ke tsakanin wuya da kafaɗa su miƙe fiye da ƙima, wani lokaci su tsinke, wani lokaci ma su tumɓuke daga jikin laka. Sai a wayi gari hannu yana lilo. Akwai sara, akwai harbi, akwai karayar da ƙashi ya danne jijiya, akwai ɗorin da aka matse karan fiye da kima. Akwai kuma allurar da wanda bai iya ba ya yi a ɗuwawu, ta sami babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa.

Ciwon irin wannan rauni daban yake da ciwon ƙuruji ko targaɗe. Masu shi suna cewa kamar an zuba garwashi a tafin hannu, ko kamar an jona musu wutar lantarki, ko minjirya da ba ta sauka. Abin mamaki, wurin da ke ƙunar sau da yawa in ka tsikare shi da allura ba ya ji, amma riga ta goge shi sai mutum ya yi ƙara. Dalili shi ne jijiyar da ta ji rauni ta zama kamar wayar wuta da bayanta ya saɓule, tana tartsatsi ita kaɗai, tana aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ciwo alhali babu abin da ya taɓa wurin. Da dare abin ya fi tsanani. Wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya rubuta bayanin wannan ciwo tun 1864, lokacin yaƙin basasar ƙasarsu, a wani asibitin sojoji da ke Filadelfiya. Ya ga sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya suna yini da jiƙaƙƙen tsumma naɗe a hannu saboda ƙuna. Allurar mofin aka riƙa yi musu, kuma tarihi ya tabbatar da cewa da yawa cikin tsofaffin sojojin wannan yaƙi sun ƙare rayuwarsu ba sa iya rabuwa da mofin ko ofiyom. Ke nan mas'alar ta girmi kakanninmu.

Abu na biyu da ya kamata ku riƙe shi ne jijiya ba ta da sauri. A shekarun yaƙin duniya na biyu wani likitan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku. Akwai wadda aka danne kawai ta suma, wannan cikin makonni zuwa wata biyu ko uku take farfaɗowa. Akwai wadda zaren cikinta ya mutu amma kwanson yana nan, wannan sai ta sake tsirowa daga wurin raunin. Akwai wadda ta tsinke gaba ɗaya, wannan kuwa sai an yi aiki an ɗinke. Ita mai tsirowar, tafiyarta kamar milimita 1 ce a rana, wato wajen inci guda a wata. Ku auna da kanku. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa, wata biyar ko shida. Daga gwiwar hannu, shekara ko fiye. Daga kafaɗa kuwa ana maganar kusan shekara biyu. Kuma tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi jijiya ba ta iso ta ba, da wuya ta sake aiki. Shi ya sa duk wanda hannunsa ya shanye bayan haɗari, ya kai wata uku babu alamar motsi, kada ya zauna yana haɗiyar ƙwaya yana jira. Aikin gyaran jijiyoyin kafaɗa ya fi ba da natija in an yi shi cikin wata shida na farko.

To ka ga inda tarkon yake. Ciwo ne na watanni, amma maganin da aka fi miƙa wa mutum na kwanaki ne. Ina nufin tramadol, wanda kuka sani da Tramol. Wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ne ya ƙirƙiro shi, ya fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal. Magani ne na gaskiya, yana da amfaninsa, mu ma muna rubuta shi. Amma dangin mofin ne, kuma iyakar abin da aka yarda baligi ya sha a yini guda miligiram 400 ne. Na asibiti 50 ne ko 100. Waɗanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa kuwa sai ka ga 200, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Mai shan 225 guda huɗu a rana ya sha 900, ya ninka iyakar fiye da sau biyu. A nan ne ake samun jijjiga irin ta farfaɗiya, mutum yana kan babur ya faɗi yana kumfa.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki irin su tramadol da kodin suka sha ba bisa ƙa'idar likita ba. A 2018 Indiya, inda mafi yawan ƙwayar ke fitowa, ta tsaurara doka a kan tramadol, a shekarar ce kuma Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Sai 'yan kasuwar suka canza salo. A Fabrairun 2025 BBC ta fallasa wani kamfani a Mumbai da ke haɗa tapentadol, wanda ya fi tramadol ƙarfi, da wani maganin sakin tsoka mai suna carisoprodol, ana shigo da su Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Bayan fallasar gwamnatin Indiya ta hana haɗin. Abin da nake so ku fahimta shi ne, mai sayen ƙwaya a tebur bai san abin da yake haɗiya ba, ko da kwalin ya yi kama da wanda ya saba.

Akwai kuma dangi na biyu da ake bayarwa musamman don ciwon jijiya: gabapentin, da pregabalin wanda aka fi sani da Lyrica, da amitriptyline, da duloxetine. Waɗannan huɗu su ne hukumar NICE ta Ingila ta ce a fara da su, ta ce tramadol kuwa sai don ceto na ɗan lokaci. Amma kada wani ya ɗauka su ruwan sha ne. Pregabalin da gabapentin ma jiki yana sabawa da su, har Ingila ta sa su cikin magungunan da doka ta killace a Afrilun 2019. Kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Wani babban nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 200, ya nuna sai an ba mutum kusan 8 pregabalin kafin a sami mutum 1 da ciwonsa ya ragu da rabi albarkacin maganin. Ke nan akwai mutane da yawa da ke sha wata da watanni, ba ya rage musu komai, illa iyaka in sun bari su ji ba daɗi, sai su zaci aiki yake yi.

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Akwai bambanci tsakanin jiki ya saba da magani da mutum ya zama ɗan maye, kuma rashin sanin wannan bambanci yana cutar da bayin Allah. Duk wanda ya sha tramadol kullum na makonni, ko limami ne, ko likita ne, ko tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, jikinsa zai saba. Ƙwaƙwalwa tana da nata sinadaran rage ciwo da kwantar da hankali. In ta ga kullum ana kawo mata daga waje, sai ta rage nata, ta kuma ƙara ƙarfin ɓangaren da ke zaburar da jiki domin a sami daidaito. Kamar mutum biyu ne suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje. In na wajen ya janye ba zato, na cikin sai ya faɗo da ka. Wannan faɗowar ita ce wahalar da ake sha in an yanke magani. Aikin halitta ne, babu ruwansa da ƙarfin imani ko rauninsa. Maye kuwa alamominsa daban: mutum yana ƙara yawan ƙwaya da kansa, yana sha don nishaɗi ko don ya yi aikin ƙarfi, yana ƙarya don ya samu, yana sayar da kayansa, yana ganin tana rusa shi amma ya kasa tsayawa. Na farkon yana iya zarcewa ya zama na biyun, wannan gaskiya ne. Amma duka biyun marasa lafiya ne, magani suke buƙata.

Me ya sa na dage a kan wannan a gabanku? Saboda na san halin matasa masu himma. Ɗan'uwa zai ji wa'azi a kan kayan maye, zuciyarsa ta karye, ya koma gida ya kwashe katunan maganin ya watsa a masai, ya ce daga yau an gama. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Amma ga abin da zai biyo baya. Cikin awa 12 zuwa 24 sai hamma ta fara, hawaye da majina suna zuba kamar mura, tsikar jiki tana tashi, gumi yana karyowa alhali yana jin sanyi. Rana ta biyu da ta uku abin ya kai maƙura: murɗawar ciki, gudawa, amai, ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Da yawa a nan suke zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, su yi ta shan maganin da ba shi ne ba.

Tramadol kuma yana da wani hali da mofin ba shi da shi. Aiki biyu yake yi: rabinsa irin na mofin, rabinsa irin na magungunan ciwon damuwa. Saboda haka kusan mutum 1 cikin 8 na masu shan wahalar barinsa suna gamuwa da wasu alamomi na dabam: faɗuwar gaba mai tsanani, firgita, ruɗewa, jin kamar ana binsa, har da gane-gane da jin muryoyi. A gidajenmu in aka ga haka sai a ce iska ce ko sammu. A tambayi abin da yake sha da ranar da ya daina, sau da yawa amsar tana nan. Shi kuwa pregabalin ko gabapentin, yanke shi rana ɗaya yana kawo rashin barci, tashin zuciya, ciwon kai, zufa, fargaba, a wasu mutanen har da jijjiga. Takardar da ke cikin kwalinsa ma ta ce a janye shi a hankali, aƙalla cikin mako guda, kuma wanda ya daɗe yana sha yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Sannan ga ciwon jijiyar kansa, ya taso ninki biyu. A nan ne ɗan'uwanmu yake karaya, a dare na uku, ya lallaɓa wajen mai tebur. Ya sha, cikin awa guda komai ya lafa. Sai ya yanke wa kansa hukunci biyu, duka na kuskure: cewa shi munafuki ne marar alƙawari, da cewa ciwonsa ba zai taɓa barinsa ya rayu babu ƙwaya ba. Alhali yawancin ƙarin ciwon da ya ji na janyewar ne, mai wucewa ne. Bal ma an tabbatar cewa daɗewa a kan dangin mofin yana iya sa jiki ya ƙara jin ciwo, har wasu sai bayan sun rabu da maganin suke ganin ciwon ya yi sauƙi.

Amurkawa sun ɗanɗana wannan a aikace. Bayan annobar waɗannan magunguna ta yi musu ɓarna, hukumarsu ta CDC ta fitar da ƙa'idoji a 2016, likitoci da yawa suka tsorata suka riƙa yanke wa marasa lafiya magani kwatsam. Natijar ita ce wasu suka koma sayen na titi, wasu suka kashe kansu. A Afrilun 2019 hukumar FDA ta fito ta yi gargaɗi cewa kada a yanke wa wanda jikinsa ya saba magani kai tsaye. A 2022 CDC ta sake ƙa'idojin. Abin da suka tsaya a kai shi ne: wanda ya yi makonni zuwa watanni yana sha, a rage masa kamar kashi 10 cikin 100 a mako, wanda ya kai shekara ko fiye, kashi 10 cikin 100 a wata, ko ma ƙasa da haka.

Mu a gida mun san yaye na rana ɗaya: a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ya yi kukansa na kwana uku ya haƙura. Wannan yayen ba haka ake yin sa ba. Ya fi kama da saukowa daga kan giginya. Wanda ya hau da ƙafarsa, da ƙafarsa zai sauko, taki bayan taki. Wanda ya ce shi jarumi ne zai diro, maɗori ke jiransa.

Bari in ba da misali da lissafi, amma misali ne, ba takardar magani na rubuta wa kowa ba. A ce mutum yana shan 100 sau uku a rana, 300 ke nan, wata takwas. Likita zai fara da daidaita lokutan sha, a daina yau biyu gobe biyar. Sannan a sauko 250, a zauna a nan mako biyu ko fiye har jiki ya natsu. Sai 200, sai 150. Daga nan tafiyar take ƙara nauyi, domin cire 50 daga 300 kashi ɗaya ne cikin shida, amma cire 50 daga 100 rabi ne cur. Shi ya sa matakan ƙarshe suka fi na farko wuya, kuma su ne suka fi buƙatar haƙuri. In wani mataki ya yi tsanani, a tsaya a kansa, a ƙara mako ɗaya ko biyu. Tsayawa ba faɗuwa ba ce, komawa sama ne ake gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙwayar da aka rubuta wa SR ko Retard, mai narkewa a hankali, ba a fasa ta, ba a tauna ta, domin in an fasa duk ƙarfin yini zai shiga jini lokaci guda. Wanda kuma yake shan tramadol da pregabalin tare, ɗaya ake fara janyewa, a gama, sannan a taɓa ɗayan.

Amma akwai waɗanda ban yarda su gwada wannan a gida ba. Mai shan na tebur fiye da 400 a rana, da wanda ya taɓa jijjiga, da mai farfaɗiya, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda yake haɗawa da D5 ko Roche ko kodin ko giya. Haka matar aure mai juna biyu, in akwai a gidajenku, domin janyewar tana iya taɓa cikin. Waɗannan asibiti za su je, kuma su faɗi gaskiyar adadin da suke sha. In ka ce biyu alhali shida ne, likita zai yi lissafi a kan biyu, kai ne za ka sha wuya. Mu ba 'yan sanda ba ne, kuma sirrin marar lafiya amana ce a wuyanmu.

To a lokacin saukowar, me mutum zai yi wa kansa? Ruwa da yawa, in gudawa ta zo a haɗa ruwan gishiri da sukari, domin bushewar jiki ita ce haɗarin da ya fi kusa. Abinci marar nauyi, kunu, koko, fate, ko babu sha'awa a daure. Farasitamol yana taimaka wa ciwon gaɓoɓi. Su ibuprofen da diclofenac ba sa yi wa ciwon jijiya wani abin kirki, kuma yawan shan su yana ƙwaƙule ciki ya lalata ƙoda. Akwai magungunan da likita kan bayar don rage zufa da bugun zuciya, kamar clonidine, amma yana saukar da jini, saboda haka ba na saye a kemis ba ne. Wanka da ruwan ɗumi yana kwantar da ƙafafu da dare, sai dai a auna zafin ruwan da lafiyayyen hannu. Na sha ganin mai shanyayyen hannu ya gasa shi da ruwan zafi ko ya kanga shi a wuta lokacin sanyi, fata ta saɓule bai sani ba.

Barci shi ne na ƙarshen dawowa, yana iya ɗaukar makonni. A bar shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari daga la'asar, a tashi a lokaci ɗaya kullum ko daren bai yi daɗi ba, a fita a yi tafiya da safe rana ta taɓa jiki. Babban kuskure shi ne a nemi barci da D5 ko Roche. An fita daga rami an faɗa rijiya, domin barin waɗannan ya fi barin tramadol haɗari. Haɗa su da tramadol ko pregabalin kuma yana danne numfashi, mutum ya kwanta ya zarce. Ko amitriptyline, wanda magani ne mai kyau ga ciwon jijiya kuma yana taimakon barci, haɗa shi da tramadol yana ƙara haɗarin jijjiga, sai da lissafin likita. Kuma a jingine babur da duk wani inji mai haɗari a kwanakin da aka rage mataki.

Shi ciwon jijiyar ba za a bar shi haka ba. Sashen gashi na asibiti yana da aiki babba a nan: motsa gaɓoɓi kada su sandare kafin jijiya ta iso, ɗaura abin tallafe hannu ko ƙafa, da koya wa fata sake sabawa da taɓi, a fara shafa ta da auduga, bayan kwanaki da tawul, a hankali har ta daina ɗaukar taɓi a matsayin wuta. Kuma in faɗa muku gaskiya, wasu ciwon ba zai tafi duka ba, musamman wanda jijiyarsa ta tumɓuke daga laka. Abin da ake nema shi ne ya ragu har mutum ya yi barci, ya yi sallarsa, ya nemi abincinsa. Wanda ya sa wa ransa sai ciwo ya koma sifili, shi ne kullum yake ƙara ƙwaya.

An tambaye ni batun azumi tun kafin in hau nan. Azuminmu awa 13 zuwa 14 ne, daidai lokacin da alamomin janyewa ke fara bayyana ga mai shan ƙwaya sau uku ko huɗu a rana. Shi ya sa wasu ke shan azaba da yamma, in an sha ruwa kuma su haɗiye na yini duka a tashi ɗaya, wanda shi ne hanyar jijjiga. Mai wannan hali ya ga likita wata guda ko biyu kafin Ramadan, a tsara masa sha a sahur da buɗa-baki, ko a fara saukowar tun daga Rajab. Hukuncin marar lafiya da azumi kuwa ga malamai nan, su ne masu wannan fage.

Akwai wani haɗari da nake roƙon kowa ya haddace. Wanda ya yi mako biyu ko uku bai sha ba, jikinsa ya manta sabon da ya yi. In ya zame ya koma, ya sha adadin da yake sha a da, wannan adadin yanzu yana iya kashe shi. Mutuwa da yawa a nan take faruwa, bayan an fito daga asibiti ko daga tsare. In kuka ga mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, yana minshari wani iri, leɓe ya canza launi, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗi abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloxone da ke dawo da numfashi in an kai shi da wuri. Haka in mai janyewa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake, kada kuma a tsaya yi masa faɗa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna daga kusa da shi, a kai shi ga likita a ranar.

Ku kuma 'yan'uwansa, aikinku ya fi nasiha yawa. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe maganin, kullum ya ba shi na ranar, a rubuta a littafi. Wani ya kwana da shi a dararen da suka yi tsanani. In ɗan acaɓa ne ko lebura, ku tuna kwanakin da bai fita ba gidansa babu cefane, kuma yunwar iyali ta fi komai saurin mayar da mutum ga ƙwaya. A yi masa karo-karo a rufa masa asiri, kada labarinsa ya zama abin hira a majalisa. Ɗaure mutum da mari kuwa ba magani ba ne. Kun ji abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, amma ranar da aka kwance ta ciwon jijiyar yana nan, jikin kuma ya rasa sabonsa, an dawo kan haɗarin da na ambata yanzu.

Inda za a je: don raunin kansa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko sashen ƙashi na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Don janye magani in abin ya yi nisa, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ko na Dawanau a Kano. Kada sunan asibitin ya hana kowa zuwa, a can ne ƙwararrun wannan fanni suke zaune. Mai zuwa ya tafi da kwalin abin da yake sha, ko da na tebur ne, da katin asibitinsa na farko, da ɗan'uwa ɗaya wanda zai riƙe bayanin da likita ya yi.

Na ga ana yi mini nuni da agogo. Masu tambayar da ba sa son a ji muryarsu su rubuta a takarda ba tare da suna ba, a miƙo, za mu amsa bayan sallah insha Allahu.